Majalisar da ba a zaɓa ba: me take tsinanawa, kuma me ya hana a gyara ta?

Tambaya: Malam, ina karanta labarin siyasar Birtaniya sai na tarar majalisarsu ta sama, wadda suke kira ta Lords, ba zaɓen 'yan cikinta ake yi ba. Ƙasar da ke tinƙaho da dimokuraɗiyya, yaya aka yi ta riƙe irin wannan majalisa har yau? Wane aiki take yi? Kuma me ya hana a rushe ta, ko a mayar da ita ta zaɓe?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka uku ce a dunƙule, amma amsar kowace tana cikin 'yar'uwarta, don haka ba zan raba su gida-gida ba. A shekarun da na yi ina koyar da tsarin mulkin ƙasashe, na lura duk ɗalibin da ya fara jin labarin wannan majalisa, abin da ke fara fita daga bakinsa shi ne "wa ya zaɓe su?" Tambaya ce mai kyau, sai dai akwai wadda ta riga ta: me suke da ikon yi, kuma wa ke buɗe musu ƙofar shiga? In ka samu amsar waɗannan biyun, za ka gane dalilin da ya sa majalisar ta yi tsawon rai, ka kuma gane inda ainihin ciwonta yake.

Mu fara da waɗanda ke zaune a kan jajayen kujerun nan. Mafi yawansu naɗa su aka yi, kuma naɗin na har ƙarshen rai ne. Wannan tsari ya fara ne da dokar 1958, zamanin Firaminista Harold Macmillan, kuma ita ce ta buɗe wa mata ƙofa a karon farko. Kafin nan yawancin kujerun gado ne, daga uba zuwa ɗa. Da sunan Sarki ake naɗin, amma Sarki hannu kawai yake sawa. Firaminista ne ke miƙa sunaye, shi ne kuma ke yanke adadin da zai bar wa shugabannin adawa su cike. Akwai 'yan ba-ruwanmu da ba sa ƙarƙashin kowace jam'iyya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na majalisar, galibi tsofaffin alƙalai, likitoci, hafsoshin soja, shehunnan malamai da manyan ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya. Akwai kujeru 26 da aka ware wa manyan limaman Cocin Ingila, biyar daga cikinsu na dindindin ne ga masu riƙe da Canterbury, York, Landan, Durham da Winchester.

Sai 'yan gado. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta kori fiye da 600 daga cikinsu a lokaci guda, majalisar ta ragu daga mutum kusan 1,330 zuwa ƙasa da 700. Amma don dokar ta wuce ba tare da dogon rikici ba, sai aka yi sulhu aka bar 92, wai na ɗan lokaci kafin a kammala gyara. Wannan ɗan lokacin ya ci shekara fiye da ashirin. Abin dariya, har zuwa 2024, idan ɗaya daga cikin waɗannan ya mutu, sai a yi zaɓe a tsakanin 'yan gado don cike gurbinsa, wato su kaɗai ne a majalisar suka shigo ta hanyar ƙuri'a. A 2016 an yi irin wannan zaɓe inda 'yan takara bakwai suka nemi kujera ɗaya, masu jefa ƙuri'ar kuwa mutum uku ne kacal. A watan Satumban 2024 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudirin kawar da ragowar kujerun gadon baki ɗaya. Ko da su ko ba su, majalisar ta daɗe tana shawagi a wajen mutum 800, alhali Majalisar Wakilai da jama'a suka zaɓa kujera 650 gare ta. Ba su da albashi, alawus ne na sama da fam 300 ake ba wanda ya halarci zaman ranar.

To, me suke iya yi? A nan ne tarihin ya yi daɗi. Har farkon ƙarni na ashirin, majalisar tana da ikon kashe duk ƙudirin da ta ga dama. A 1909 ministan kuɗi David Lloyd George na jam'iyyar Liberal ya kawo kasafin da ya ɗora haraji a kan manyan filaye da manyan kuɗaɗen shiga, don a biya fanshon tsofaffi a kuma ƙera jiragen yaƙin ruwa. Masu filayen kuwa su ne ke zaune a majalisar sama. Suka yi fatali da kasafin, abin da al'ada ta daɗe da hana su. Aka yi babban zaɓe sau biyu a cikin 1910, a Janairu da Disamba, duk a kan wannan rigima. Daga ƙarshe Firaminista Herbert Asquith ya samo alkawari daga Sarki George na Biyar cewa in suka ci gaba da taurin kai, zai naɗa sababbin mambobi ɗaruruwa da za su rinjaye su a cikin gidansu. Da suka ga uwar bari, a watan Agustan 1911 suka amince da dokar da ta yanke musu fiffike, da ƙuri'a 131 a kan 114.

Wannan doka ita ce ƙashin bayan komai har yau. Ta ce ƙudirin da ya shafi kuɗi zalla, wata ɗaya kawai za su iya riƙe shi, daga nan ya zama doka ko sun so ko sun ƙi. Sauran ƙudirori kuwa za su iya jinkirta su na wajen shekara biyu, sannan a 1949 gwamnatin Clement Attlee ta rage wa'adin zuwa wajen shekara ɗaya. Akwai wani abu da aka bar musu cikakken ikon hanawa, kuma mutane da yawa ba su san shi ba: idan Majalisar Wakilai ta nemi ƙara wa kanta wa'adi ya wuce shekara biyar ba tare da zaɓe ba, sai da amincewar majalisar sama. Wato waɗanda ba a zaɓa ba aka sa gadin ranar zaɓe.

A aikace ba kasafai ake kai wa ga tsallake su ba. Tun 1911 sau bakwai kawai aka yi amfani da wannan hanya, na ƙarshe a 2004 a kan dokar hana farauta da karnuka. Dalili shi ne akwai al'adun da ba a rubuta a doka ba amma ana kiyaye su. Mafi girma ita ce wadda ake kira yarjejeniyar Salisbury. A 1945 jam'iyyar Leba ta lashe zaɓe da gagarumin rinjaye, amma mambobinta a majalisar sama 16 ne a cikin fiye da 700. Shugaban 'yan Conservative a can, wanda daga baya ya zama Lord Salisbury, ya fahimci cewa in suka tare hanyar gwamnatin da jama'a suka zaɓa, majalisar ce za ta tafi. Sai aka fahimci juna cewa duk abin da jam'iyya mai mulki ta rubuta a takardar alkawuranta na zaɓe, majalisar sama za ta iya gyara shi amma ba za ta kashe shi ba.

Yanzu ga aikin da take yi kullum, wanda ba ya shiga labarai saboda ba shi da armashi. Ƙudiri kan fito daga Majalisar Wakilai a gurguje. Gwamnati ce ke tsara lokacin muhawara a can, ita ke da rinjaye, kuma sau da yawa akan rufe mahawara alhali akwai sassa da dama da ba wanda ya ko duba su. A majalisar sama ba haka abin yake ba. Duk gyaran da mamba ya gabatar yana da damar a tattauna shi, ba a yanke wa muhawara lokaci yadda ake yi a ƙasa, kuma tun 1999 babu jam'iyyar da ke da rinjaye ita kaɗai. Minista zai tsaya kare sashen doka a kan asibitoci, sai ya tarar mai tambayarsa likita ne da ya shekara talatin yana fiɗa. Ya zo kan sashen hukunci, sai tsohon alƙali ya nuna masa cewa kalmar da aka sa a layi na uku ta ci karo da wata doka da ke aiki. Akwai kuma kwamitin da aikinsa kawai shi ne farautar sassan da ke ba ministoci ikon sauya doka da alƙalaminsu ba tare da komawa majalisa ba. Yawancin gyare-gyaren da ke shiga doka a wannan mataki da sunan gwamnati suke shiga: an matsa wa minista, ya ga zai sha kaye, sai ya koma ya dawo da gyaran a matsayin nasa. Shi ya sa in ka ƙirga kayen da gwamnati ta sha kawai, ba za ka ga rabin tasirin majalisar ba. Binciken Farfesa Meg Russell ta jami'ar UCL da ke Landan ya nuna cewa bayan korar 'yan gado a 1999 majalisar ta ƙara samun ƙwarin gwiwar ja da gwamnati, domin kunyar da ke ɗaure mata baki ta ragu.

Wani lokaci kuma takan fito fili. A 2008 gwamnatin Gordon Brown ta nemi ikon tsare wanda ake zargi da ta'addanci har kwana 42 ba tare da an tuhume shi ba. Majalisar Wakilai ta amince da ƙyar, majalisar sama ta kayar da shi da ƙuri'a 309 a kan 118, gwamnati ta janye. A 2015 ta taka wa shirin rage tallafin masu ƙaramin albashi birki, kuma bayan wata guda ministan kuɗi George Osborne ya yi watsi da shirin. A 2020 ta cire sassan wani ƙudiri na bayan ficewa daga Tarayyar Turai waɗanda gwamnati da bakinta ta amsa cewa sun saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, da ƙuri'a 433 a kan 165. Amma kada ka ɗauka kullum ita ke nasara. A 2024, a kan dokar tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda, an yi ta mayar da ƙudirin tsakanin majalisun biyu, abin da su kansu suke wa laƙabi da wasan ƙwallon tebur. Wakilai suka ƙi karɓar gyaran, aka sake turowa, suka sake ƙi, daga ƙarshe majalisar sama ta sauke kai dokar ta wuce. Haka tsarin yake: tana iya cewa "ku sake dubawa" sau biyu, sau uku, har sau huɗu, amma magana ta ƙarshe ta zaɓaɓɓu ce.

Ka ga abin da nake son ka riƙe. Rashin ƙuri'ar jama'a a bayanta shi ne ke sa ta san iyakarta. Mamba ya san ba wanda ya aiko shi, don haka yana iya faɗar gaskiya ba tare da tsoron mazaɓa ko bulalar jam'iyya ba, amma ba shi da bakin cewa "jama'a ne suka ce in hana". Rauninta da amfaninta daga tushe ɗaya suka fito. Wannan ne ya sa gyaranta ya fi yadda ake zato wuya.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka ina wanke ta. Ciwonta babba ne, kuma a wurin naɗi yake. Babu dokar da ta ƙayyade yawan mambobi. Babu dokar da ta ce ga adadin da firaminista zai iya naɗawa a shekara. Mutum ɗaya, wanda majalisar ke sa wa gwamnatinsa ido, shi ke riƙe da mabuɗin ƙofarta. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kuma ba yau aka fara ba. Shi kansa Lloyd George da ya karya lagon majalisar, da ya zama firaminista an yi ta cinikin muƙaman girmamawa a zamaninsa har abin ya yi wari, aka kafa dokar hana wannan ciniki a 1925. A 2006 da 2007 'yan sanda sun binciki zargin ba da kujeru ga masu ba jam'iyya rance, har suka yi wa Tony Blair tambayoyi yana kan mulki, ko da yake ba a gurfanar da kowa ba. A shekarar 2000 an kafa hukumar tantance waɗanda za a naɗa, amma ba doka ce ta kafa ta ba, kuma game da 'yan jam'iyya abin da take dubawa shi ne ko mutum yana da tabo, ba ko ya cancanta ba. Shawara take bayarwa kawai. A Disamban 2020 Boris Johnson ya zama firaminista na farko da ya tsallake shawararta, ya naɗa Peter Cruddas, tsohon ma'ajin jam'iyyarsa kuma mai ba ta gudummawar kuɗi. Liz Truss kwana 49 ta yi a kan mulki, amma ta bar mutum uku a majalisar da za su yi ta yin doka har ƙarshen ransu.

Majalisar da kanta ta gane cewa girman nan abin kunya ne. A 2017 kwamitin da Lord Burns ya jagoranta ya ba da shawarar a tsayar da adadi a 600, sababbin shiga su yi shekara 15 su sauka, kuma kafin a kai can, sai biyu sun fita ɗaya ya shiga. Firaministar lokacin, Theresa May, ta ɗan kama hannunta. Waɗanda suka biyo bayanta ba su kama ba, tunda babu abin da ya tilasta musu.

Kujerun limamai ma suna da wuyar karewa. Cocin Ingila cocin hukuma ne a Ingila kaɗai, ba a Scotland ko Wales ko Ireland ta Arewa ba, amma limamansa na jefa ƙuri'a a kan dokokin da suka shafi kowa. Shugabannin wasu addinai sun shiga majalisar, amma a matsayin mutum ɗaya da aka naɗa don kansa, ba kujerar da aka ware wa addininsa ba.

To me ya hana a mayar da ita ta zaɓe? Ba rashin gwadawa ba ne. Gabatarwar dokar 1911 da kanta ta ce niyya ita ce a maye gurbin majalisar da wadda ta ginu a kan zaɓin jama'a, sai dai ba za a iya yin hakan nan take ba. An fi shekara ɗari ana jiran wannan "nan take". A 1969 gwamnatin Harold Wilson ta kawo tsarin gyara, sai Michael Foot daga can ƙarshen hagu na Leba da Enoch Powell daga can ƙarshen dama na Conservative suka haɗa kai suka shaƙe shi. Foot so yake a rushe majalisar gaba ɗaya, yana ganin gyara zai ƙara mata daraja. Powell so yake a bar kaza cikin gashinta. A 2003 aka jera wa Majalisar Wakilai zaɓuɓɓuka, daga naɗi zalla zuwa zaɓe zalla, ta ƙi kowanne. A 2007 ta amince da a zaɓi kashi 80 cikin ɗari, ta kuma amince da a zaɓi duka, majalisar sama ta ce a'a, a bar naɗi, magana ta mutu. A 2012 Mataimakin Firaminista Nick Clegg ya kawo ƙudiri cikakke: mambobi 450, kashi 80 cikin ɗari zaɓaɓɓu, wa'adi ɗaya na shekara 15. Ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 462 a kan 124, amma 'yan Conservative 91 suka yi wa gwamnatinsu tawaye, aka kasa samun yarjejeniya a kan jadawalin muhawara, aka janye shi. A 2022 kwamitin Gordon Brown ya ba jam'iyyar Leba shawarar kafa zaɓaɓɓiyar majalisar yankuna a madadinta.

In ka duba da kyau, a Majalisar Wakilai ake binne waɗannan yunƙuri, ba a ta sama ba. Ɗan majalisar wakilai ya san cewa ranar da aka zaɓi wani daga yankinsa zuwa majalisar sama, ya samu kishiya. Wannan sabon zai ce shi ma ƙuri'a ce ta kawo shi, watakila ma da tsarin rabon kujeru daidai da yawan ƙuri'u, wanda zai ba shi bakin cewa majalisarsa ta fi wakiltar ƙasa. Me zai sa ya mutunta yarjejeniyar Salisbury, wadda aka gina a kan cewa su ba zaɓaɓɓu ba ne? Firaminista kuma zai rasa babbar hanyar saka wa magoya baya, da hanyar jawo wanda yake so cikin gwamnati ba tare da zaɓe ba, kamar yadda Rishi Sunak ya yi a 2023 da ya naɗa David Cameron a majalisar don ya zama ministan harkokin waje. Wanzami ba ya son jarfa.

Tsoron nan kuwa ba na banza ba ne. Ostireliya tana da tsarin firaminista irin na Birtaniya, da zaɓaɓɓiyar majalisar dattawa mai ƙarfi. A 1975 dattawan suka ƙi sakin kuɗin gudanar da gwamnati, aka yi cirko-cirko na makonni, har Gwamna Janar John Kerr, wakilin Sarauniya a ƙasar, ya sallami Firaminista Gough Whitlam ranar 11 ga Nuwamba, alhali yana da rinjaye a majalisar wakilai. Ba ina cewa zaɓaɓɓiyar majalisar sama ba ta aiki ba. Ta Ostireliya tana cikin waɗanda suka fi iya tsare gwamnati da tambaya a duniya. Amma su tsarin mulkinsu rubutacce ne, kuma ya tanadi hanyar warware taƙaddama, wato a rushe majalisun biyu a koma zaɓe. Birtaniya ba ta da kundi guda rubutacce, rabin dokokin wasan al'ada ce. Wanda ya sauya 'yan wasa bai rubuta dokokin ba, garin neman gira zai rasa ido.

Kanada ta bi wata hanya da ta cancanci a duba. Majalisar dattawanta kujera 105 ce, duka naɗi, amma adadin a ƙayyade yake, kuma tun 1965 sanata na sauka in ya kai shekara 75. A takarda ikonta ya fi na ta Birtaniya nesa, domin tana iya kashe ƙudiri ɗungurungum. A 1991 wani ƙudiri a kan zubar da ciki ya mutu a can da aka yi kunnen doki, 43 da 43. Firaminista Stephen Harper ya so ya shigo da zaɓe da wa'adi, sai Kotun Ƙoli ta ce masa a 2014 hakan na buƙatar amincewar larduna bakwai masu aƙalla rabin jama'ar ƙasar, rushewa kuwa sai duka goma sun yarda. Ƙofa ta rufe. Justin Trudeau, wanda ya gaji Harper, sai ya taɓa abin da ke hannunsa: ya cire sanatoci daga rukunin jam'iyyarsa a 2014, sannan a 2016 ya kafa kwamiti mai zaman kansa da ke karɓar takardun masu nema ya ba shi sunaye. Cikin 'yan shekaru yawancin sanatocin suka zama marasa jam'iyya, suka kuma riƙa gyara ƙudirorin gwamnati fiye da da. Raunin tsarin shi ne ba a kundin tsarin mulki yake ba, duk firaministan da ya ga dama zai iya ajiye shi.

Dole in ja kunnenka a nan, kada ka ɗauki abin da na faɗa a kan Birtaniya da Kanada ka shafa wa kowace majalisar naɗi. A Chile, tsarin mulkin 1980 na Janar Pinochet ya tanadi sanatocin naɗi, ciki har da tsofaffin hafsoshi, don su tare duk wani sauyi bayan soja sun bar mulki. Shi kansa ya zama sanata na har abada a 1998, kuma sai a gyaran 2005 aka kawar da waɗannan kujeru. A Thailand, sojojin da suka yi juyin mulki sun naɗa sanatoci 250 aka kuma ba su hannu a zaɓen firaminista, da haka aka hana Pita Limjaroenrat hawa mulki a 2023 duk da jam'iyyarsa ce ta fi kowace kujeru. Majalisar naɗi mai ikon jinkirtawa abu ne da dimokuraɗiyya ke iya haƙuri da shi. Mai ikon zaɓar shugaba ko toshe hanya har abada kuwa, mulkin wasu ne aka sa wa rigar majalisa.

Batun rushewa fa? An yi a wasu wurare. New Zealand ta yi a 1950, ta hanya mai ban dariya: gwamnati ta cika majalisar da sababbin mambobi da aikinsu ɗaya shi ne su kaɗa ƙuri'ar kashe ta. Denmark ta bi a 1953, Sweden a farkon shekarun 1970. Amma Denmark da Sweden suna raba kujeru daidai da ƙuri'u, don haka da wuya jam'iyya ɗaya ta mallaki majalisa, birkin yana cikin majalisar ita kanta. New Zealand ta yi shekaru arba'in da majalisa ɗaya da tsarin wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe, gwamnatoci suka riƙa wuce da manyan sauye-sauye cikin gaggawa, har jama'a suka gaji suka sauya tsarin zaɓen a ƙuri'ar raba gardama ta 1993. A Birtaniya kuwa, a 2024 Leba ta samu kujeru sama da 400 cikin 650 da wajen kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u. Ka cire majalisar sama a irin wannan tsari, ba abin da ya rage tsakanin firaminista da littafin doka sai 'yan jam'iyyarsa. Jama'a ma ba kullum suke son rushewa ba in an tambaye su: a Ireland an kai maganar gaban masu zaɓe a 2013 suka ƙi da ƙaramin rinjaye, a Italiya kuma Firaminista Matteo Renzi ya nemi rage ikon dattawa a 2016, ya sha kaye, ya sauka.

In ka tambaye ni ra'ayina, ni ba na cikin masu cewa sai an zaɓe su ko a fasa komai, domin wannan matsayi ne ya sa aka shekara ɗari ba a motsa ba. Duk gyaran da ya taɓa yiwuwa ƙarami ne, mai manufa ɗaya: shigo da naɗi da mata a 1958, ba ɗan gado damar ajiye sarautarsa a 1963, korar yawancin 'yan gado a 1999, fitar da manyan alƙalai zuwa sabuwar Kotun Ƙoli a 2009, sai dokar 2014 da ta ba mamba damar yin ritaya ta kuma kori wanda bai halarci zama ko sau ɗaya ba a zango guda. Mataki na gaba a ganina shi ne a karɓe famfon naɗi daga hannun firaminista. A rubuta adadi a doka, ya kasance ƙasa da na Majalisar Wakilai. A raba kujerun jam'iyyu bisa ƙuri'un da kowace ta samu a babban zaɓe, a ware wa 'yan ba-ruwanmu kasonsu da ba mai taɓawa. A ba hukumar tantancewa ƙarfin doka, ta duba cancanta da niyyar yin aiki, kuma in ta ce a'a ya zama a'a. Kujerun limamai su koma cikin wannan layi kamar na kowa. Duk wannan doka ɗaya ta Majalisar Wakilai ta isa ta yi shi, ba ya buƙatar a taɓa dangantakar majalisun biyu. In daga baya ƙasar ta zaɓi ta koma zaɓe, ko ta ɗauki salon Jamus inda gwamnatocin jihohi ke tura wakilansu, to a fara rubuta iyakar ikon sabuwar majalisar da hanyar raba gardama tsakaninta da ta wakilai kafin a buga takardar ƙuri'a ko ɗaya.

Abu ɗaya da ban gamsu da shi ba a cikin alkawuran Leba na 2024 shi ne tilasta ritaya a shekara 80. Wa'adi ya fi shekarun haihuwa ma'ana. A 2016 Lord Alf Dubs ne ya tilasta wa gwamnati karɓar yara 'yan gudun hijira da ke gararamba a Turai ba iyaye, shi da aka ɗauko daga Prague a jirgin ƙasa yana ɗan shekara shida a 1939 don tsere wa 'yan Nazi. Lokacin da ya kawo wannan gyara yana da shekara 83, wato da dokar shekara 80 tana aiki da ba ya cikin zauren. A ɗaya gefen, cikin waɗanda Boris Johnson ya naɗa da zai sauka akwai tsohuwar mataimakiyarsa da ta shiga majalisar a 2023 tana da shekara 30. Dokar shekara 80 za ta bar mata kujerar na shekara hamsin, wa'adin shekara 15 irin na kwamitin Burns kuwa da ya sauke ta tana da 45.